Mazaunin Sifikun Surajo

Talata, 6 ga Satumba, da hantsi

Na buɗe shago yau. Ba wani aiki ke jirana ba, gidan ne ya cika da mata, kuma duk wadda ta shigo sai ta tsaya tana kallon bakina kamar ni ke riƙe da labari. Ba ni da labari. Bilyaminu da mutanensa sun sake fita da jirage tun da asuba, sun ce yau za su gangara wajen Ngaski. Bilyaminu Basarke ne, ɗan gidan masunta, a bakin ruwa aka yanke masa cibiya, kuma abokin ƙanena Surajo ne tun suna firamare. In akwai wanda zai samo min ƙanena a tafkin nan, shi ne.

A bayan benci na tarar da falankin madacin da Surajo ya kawo tun kafin babbar salla. Ya matsa min in yi masa mazauni biyu na sifikun nan da ya sayo a Kontagora. A ƙasa suke zaune a ɗakinsa, wai siminti na cinye musu murya. Na ce masa ni kafintan ƙofa ne da gado, ban taɓa jin inda aka yi wa rediyo kujera ba. Ya ce, "Yaya Maliki, kai dai yi. Kunnenka na katako na, ba ka ganewa." Aikin gida ne, shi kuwa aikin gida a wurin kafinta kullum shi ne na ƙarshen layi.

Na kakkaɓe falankin. Ya bushe sosai.

Talata, bayan la'asar

Sun dawo. Ba komai.

Laraba, 7 ga Satumba, da safe

Karan da muka yi awo da shi na nan a saman taga. Ranar da ya kawo katakon ya ja ni har ɗakinsa, ya zauna a kujerarsa mai hannu, waccan ta kusurwa da ba ya barin kowa ya hau, ya miƙe wuya kamar za a ɗauke shi hoto, ya ce in auna daga ƙasa zuwa ramin kunnensa. Wai ƙaramin bakin sifika, mai fitar da siririyar murya, dole ya zo daidai da kunnen mai sauraro, in ba haka ba rabin abin wucewa yake ta sama ko ta ƙasa. Ban zo da tef ba, sai na zari kara a danga na karya shi daidai wurin. Khaulat matarsa na bakin ƙofa tana dariya a cikin mayafi.

Yau na shiga ɗakin na auna sifikun. Khaulat ta fita ta ba ni wuri. Na cire tsawon da ke tsakanin gindin sifika da ƙaramin bakin daga tsawon karan, abin da ya rage shi ne tsawon mazauni. Kowanne gida uku zai zama: faffaɗan gindi, ginshiƙi mai rami a ciki, da ɗan faranti a sama. Haka ya zana min da yatsa a ƙurar benci.

Na yanka. Zarton na son wasawa amma na bar shi haka, ƙararsa ta fi yawa.

Alhamis, 8 ga Satumba, bayan azahar

An samu gawarwakin wasu daga cikin waɗanda jirgi ya kife da su, a wani lungu bayan tsibiri. Aka aiko in je in duba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ciki. A nan bakin ruwa aka yi musu sutura, don ba su kai a ɗauke su zuwa gari ba. Wani dattijo da ya samu ɗansa ya riƙe hannuna yana cewa Allah ya ba ni irin abin da ya ba shi. Na ce amin kafin in gane abin da nake cewa amin a kai.

Na dawo na yi ta goge katakon ginshiƙi da filen, abin fere katako, har azahar ta wuce ni.

Juma'a, 9 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Mutane sun rasa gaisuwar da za su yi min. Masu hankali na cewa Allah ya bayyana. Wasu su kama hannuna su yi ta jijjigawa ba magana, kamar masu buga famfon burtsatse. Nasiru mai shayi kuwa, da bakinsa ke rigan tunaninsa fita, ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce Allah ya jiƙan Surajo. Na tambaye shi ko shi ya yi masa wanka. Ya ce a'a. Na ce to ya adana addu'arsa, ba ta lalacewa. Wani ya ja ni gefe.

Na san ban kyauta ba, amma ban ji komai ba. Abin da ke ba ni tsoro ke nan a kwanakin nan. Ina cin abinci, ina salla, ina amsa gaisuwa, kuma ban ji komai ba sai haushi, shi ma na ɗan lokaci ne.

Gam ɗin da ke shago ya daskare. Na aika an sayo sabo.

Asabar, 10 ga Satumba, da yamma

Sun dawo. Ba komai. Na haɗa ginshiƙi ɗaya.

Litinin, 12 ga Satumba, da hantsi

Baffa Ɗangana ya zo. Ƙanen mahaifinmu ne, shi ne babba tun rasuwar Baba, kuma ba ya zuwa shago sai da dalili. Ya zauna a kan gadon wani da ban gama ba, ya yi ta zagaye-zagaye a kan damina da tsadar mai kafin ya sauko. Ya ce ya yi magana da Liman. Waɗanda suka fita da rai sun ga yadda jirgin ya hau kututture a hanyar dawowa daga kasuwar ƙetare, kuma sun ga Surajo a ciki da jakar wayoyinsa. Liman ya ce tunda akwai shaidu, in nema ya ƙare iyali suka amince, sai a yi addu'a, Khaulat ta shiga takaba. Ya ce yarinyar nan ba za a bar ta a rataye ba.

Na ce nema bai ƙare ba. Ya ce mu je wurin Inna.

Inna na kan tabarma a ɗakin Surajo. Tun ranar ta koma can, ita da Khaulat. Baffa ya maimaita mata komai da ɗan ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi tun bara. Ta saurara har ya gama, ba ta ɗago ba.

"Ni ba ni da ta cewa," in ji ta. "Abin da wanga yac ce, shi za a yi."

Wanga ni ke nan. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Amma ta iya ɗora min kaya.

Duk suka juyo. Na kalli sifikun a ƙasa, an rufa musu zane saboda ƙura.

Na ce, "Baffa, akwai aikinshi hannuna. Bari in ƙare."

Ya tambayi wane aiki. Na gaya masa. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi in ya fara sambatu, sannan ya ce to, in ƙare. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Laraba, 14 ga Satumba, da safe

Ramin ginshiƙin na yashi ne. Surajo ya ce in aka bar shi fanko zai riƙa ƙugi kamar ganga, sai an cika shi da busasshen yashi ya yi nauyi ya yi shiru. Masu buga bulo na nan bayan shagona da tulin yashi kamar dutse, ko tambaya ba sai na yi ba. Na ɗauki buhu na tafi bakin ruwa.

Ruwa ya ƙaru. Ya cinye inda mata ke shanya kifi, ya yi ja, kainuwa na wucewa tuli-tuli. Ana ta lodin jirgi kamar kullum, buhunan masara, babura, mata da goyo, mai jirgi na cewa a matsa a matsa. Na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale har rana ta fara zafi, sannan na tuna abin da ya kawo ni na ɗebi rabin buhu.

Na shanya shi a kan kwano, don in da danshi a ciki zai ruɓar da katako. Da rariyar Rakiya matata na tankaɗe. Ta gani, ta ƙyale ni, ita da ko cokalinta ka taɓa sai ka ji a jikinka.

Alhamis, 15 ga Satumba, da safe

Na sake zuwa ɗebo yashi. Wanda ke nan ya isa mazauni goma.

Asabar, 17 ga Satumba, bayan magariba

Wani ɗan acaba ya zo da labari jiya, wai Fulani sun tsinci wani mutum a bakin ruwa a wani ƙauye wajen Shanga, yana kwance a ɗakin magani, ba ya magana. Shanga sama take da mu. Ruwa ba ya hawa da mutum, ko yaron goye ya san wannan. Na sha mai na kama hanya.

Hanyar ta lalace, sau biyu ina sauka in tura babur. Da na isa aka nuna min ɗakin. Tsoho ne, da furfura har gemu, kuma danginsa ma sun riga ni zuwa. Na gaishe su kamar dama dubiya na zo. Na saya masa lemo na ajiye a gefen gado.

Ban gaya wa kowa a gida inda za ni ba, amma a garin nan ko tari ka yi a zaure sai an ji a kasuwa. Da na shigo, Inna ba ta tambaye ni ba. Khaulat ce ta leƙo, ta ga ni kaɗai ne, ta saki labule.

Na ci tuwo. Na wanke ƙafa.

Lahadi, 18 ga Satumba, da rana

Simintin ɗakinsa ba daidai yake ba, ƙafa huɗu za ta yi rawa. Uku zan sa, da robar tsohon tayar babur a ƙarƙashi. Na yi na cire, na yi na cire.

Litinin, 19 ga Satumba, da yamma

Rakiya ta tsare ni a tsakar gida. Ta ce ba za ta gaya min yadda zan yi da ƙanena ba, amma in san halin da Khaulat ke ciki. Kitsonta ya tsufa ya cukurkuɗe. In ta zauna a yi mata sabo, matan unguwa za su ce idonta ya bushe, miji a ruwa tana ado. In ta bar shi ta daina sa kwalli, su ce ta riga ta binne shi tun iyali ba su ce ba. Ba ta fita, ba ta kuma da dalilin ƙin fita da za ta faɗa. Iyayenta sun aiko daga Birnin Yauri suna tambaya ko zaman me take yi, ta rasa amsa. Jiya ta ɗauki sabulu mai ƙanshi za ta wanka, ta tsaya da shi a hannu, ta mayar.

Na ce na ji. Ta ce ji ba shi ne ba. Na ce saura sanfefa da banish. Ta ce, "Allah shi ba katakon ga lahiya," ta shige ɗaki.

Gaskiya ta faɗa. Na san gaskiya ta faɗa. Na koma shago na kama gugar sanfefa.

Laraba, 21 ga Satumba, da hantsi

Bilyaminu ya zo shago da kansa. Ya rame, idonsa ya yi ja saboda ruwa. Ya ce sun bi kowane lungu har ƙasan Wara, sun tambayi kowane sansanin masunta. Mutanensa na da iyali, tarunsu na rataye tun ranar. Bai kalle ni ba yana magana, ƙurar katako yake ta turawa da babban yatsan ƙafa.

"Maliki, ruwa in ya riƙe mutum har wanga lokaci, ba shi bayarwa. Na so in kawo maka shi. Wallahi na so."

Na ce ya riƙe min ginshiƙin nan in ɗaure gindin. Ya riƙe. Na zuba yashi ta sama yana bubbuga gefe don ya zauna, na rufe da farantin. Da muka gama na ƙwanƙwasa da bayan yatsa, babu ƙugi ko kaɗan, kamar ka taɓa bango. Bilyaminu ya fara kuka a tsaye, hannunsa na kan katakon. Na jira ya gama. Na ce ya kula, gam ɗin bai bushe ba.

Ban san wane irin mutum ne ke faɗin haka ba. Ni ne dai na faɗa.

Alhamis, 22 ga Satumba, da safe

Ba wanda ya fita da jirgi. Na shafa banish.

Juma'a, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Baffa ya biyo ta ƙofar shago, ya tsaya ya kalli mazaunan suna sheƙi a rana. Ya tambaya ko an ƙare. Na ce sai an sake shafawa. Ya ce sannu ba ta hana zuwa, amma akwai waɗanda ke tsaye suna jira.

Asabar, 24 ga Satumba, da safe

Na goge na shekaranjiya, na sake shafawa. Ƙuda ya faɗa a kan ɗaya. Sai an sake.

Lahadi, 25 ga Satumba, bayan azahar

Khaulat ba ta taɓa yi min magana da ta wuce gaisuwa ba. Matar ƙane ce, in na shigo ta nan sai ta bi ta can. Yau ina zaure ina wanke buroshi da kananzir sai na ji ta a bayan ƙofa. Ba ta fito ba, gefen mayafinta kawai nake gani.

"Yaya, shafa nawa katako ka sha kahin a ce ya ƙare?"

Na ce ya danganta da katakon.

Sai ta ce, muryarta daidai, ba rawa, "Ni ba gaggawa nike ba. In jira za a yi, ina jira har in tsufa. Amma a gaya min mi nike jira. In matar aure ta ni, a gaya min. In ba ita ba, a gaya min. Kowa shina kallona, ni ko ban san fuskar da zan ba su ba."

Na ce gobe zan kawo su.

Ta ce Allah ya kai mu, ta koma ciki. Kunya ta kama ni, ita ce abu na farko da na ji sosai tun ranar kasuwa. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da ni, sai da na kai ta ga tsayawa a bayan ƙofa tana roƙo.

Litinin, 26 ga Satumba, da yamma

Na kai su. Nauyi gare su kamar buhun gishiri, sai da na yi sawu biyu. Na kafa ɗaya dama ɗaya hagu, na juya fuskokinsu suna kallon kujerar kusurwa yadda ya ce, na cire zanen na ɗora sifikun. Ba su yi rawa ba. Na gwada karan, ƙaramin bakin ya zo daidai kan karaya.

Akwai wuta, sai na jona amfilifaya, na'urar da ke tura wa sifikun murya. Inna ta ce a sa karatu. Tun farko take so a sa, ni ke hanawa, don karatu a ɗakin da mata ke zaune a tabarma kowa ya san sunansa. Yau ban hana ba. Khaulat ta nuna min inda ake dannawa.

Ban zauna a kujerar ba. Na tsuguna a gefenta na daidaita kaina da inda nasa zai kasance. Yaron nan ya yi gaskiya. Har numfashin mai karatun ana ji, kamar yana zaune tsakanin sifikun biyu ya tanƙwashe ƙafa. Na so in juya in ce masa to, na ji, kunnen katako ya ji.

Inna ta ce a ƙara murya. Na ƙara. Ta ce a ƙara. Na ƙara har kwanon rufi ya fara amsawa, Rakiya ta leƙo daga waje. Inna ta girgiza kai ta ce a rage, ba ƙara take nema ba.

"Ina jin ƙugi, ba ni jin harafi. Karatun bisa kaina shika bi. Wa anka yi ma wanga tsawo?"

Ta sani. Duk mun sani.

Na ce ta hau kujera, a nan ake ji. Ta ɗago ta kalle ni, karo na farko a makonnin nan, har sai da na sunkuyar da kai. Na ce to bari in kawo benci daga shago. Ta ce in bar benci inda yake.

"Mu ƙasa muke, ɗan nan. Tun ran nan ƙasa muke. Kai ɗai ka tsaye."

Na kashe na fito. An ƙare aikin, kuma ban je wurin Baffa ba.

Talata, 27 ga Satumba, da rana

Ban buɗe shago ba. Na zauna a zaure. Ba a kunna komai a ɗakin ba.

Laraba, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Da safe na ɗauki zarto da tef na shiga. Na ce wa Inna ta zauna yadda take zama. Ta gyara ƙafa ta jingina da bango. Na durƙusa na ɗora bakin tef a kan tabarma na ja zuwa kunnenta. Rabon da in matso kusa da ita haka tun ina yaro. Kunnen ya yi laushi ya saki, sai da na sake awon. Na auna na Khaulat daga nesa da ido, kusan ɗaya ne.

Abin da za a cire ya fi abin da zai rage.

A tsakar gida na kwantar da su. Na san in na yanka ba a mayarwa. Madaci ba ya karɓar ƙari, ko an haɗa sai tabon ya nuna, kuma wanda aka yi wa awon farko in ya zauna a kujerarsa sai dai karatun ya bi ta gwiwarsa. Na daɗe riƙe da zarton. Rakiya na bakin murhu, ta daina fifita wuta.

Na yanka. Da zarton ya ratsa, yashin ya zubo a kan ƙafafuna, busasshe, da ɗumi. A nan abin ya zo min. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Rakiya ta kori yara waje ta rufe ƙofar gida, ba wanda ya ce in yi haƙuri, na gode musu da wannan. Da ya lafa na yanka na biyun.

Kafin azahar na mayar da farantan, na kai su ciki, na juya fuskokinsu daga kujera zuwa tabarma. Ban shafa banish a bakin yankan ba. Na kunna a hankali, ƙasa da rabin na shekaranjiya. Inna ta karkata kai, leɓenta ya fara bin ayar. Ta ce, "Yanzu na ji."

Daga nan na wuce gidan Baffa. Yana alwala a ƙofar gida. Na ce ya gaya wa Liman, jibi Juma'a a yi addu'ar, a aika Birnin Yauri. Ya ajiye buta ya dafa kafaɗata da jiƙaƙƙen hannu. Na bi ta wurin Nasiru mai shayi na ce masa addu'ar nan da na ce ya adana, ya kawo ta jibi.

Da na dawo karatun na ci. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa musu. Inna ta ce Allah ya jiƙan Auta, na ce amin. Khaulat ta kai hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye su a kan sifikar hagu. Daga zaune hannunta ya kai.